FIHIRISA DA ƘA'IDODINTA: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne maganar fihirisa, watau jerin nan da a kan yi a farkon littafi ko a ƙarshensa don a nuna wa mai nema inda abin da ya ke nema ya ke. Wataƙila wani ya ce wannan ƙaramin abu ne, bai kai a tara manya dominsa ba. Amma fa gona ta kan suɓuce wa marayu alhali takardar shaidarta tana nan cikin akwatin ofis, don kawai ba wanda ya san a wane kundi ta ke. Takardar da ba a iya ganowa ran da a ke bukatarta, da ita da wadda gara ta cinye duk ɗaya ne.

Turawa suna kiran fihirisa indeks. Kalmar daga harshen Latin ta fito, ma'anarta kuwa mai nuni, kamar yatsan nan manuni. Da wannan suna ɗaya su ke kiran abubuwa huɗu: fihirisar littattafan shari'a da rijistar ƙasa, da ma'aunin tashin farashi da faɗuwarsa, da wani ƙaramin alƙalami na ilmin lissafi, da jerin da kwamfuta ke bi ta gano suna cikin miliyoyin sunaye. Dukansu aikinsu nuni ne. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya, don a ga cewa amfanin kowane manuni yana rataye ne ga ƙa'idar da aka gina shi a kai, da amanar wanda ke riƙe da shi.

Aikin nan ba baƙo ba ne ga malamai. A shekarar 987 wani mai sana'ar kwafen littattafai a Bagadaza, Ibn Nadim, ya tsara littafinsa Alfihrist cikin kashi 10, ya jera littattafan da aka sani da Larabci a zamaninsa da sunayen mawallafansu. Da yawa cikin littattafan nan sun ɓace, ba a san an taɓa yinsu ba sai ta bakinsa. Haka kuma a 1945 Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fitar da fihirisar kalmomin Alƙur'ani mai girma a Alƙahira, ya jera su bisa asalin kalma. Wanda bai san wannan ƙa'ida ba, ya nemi kalma ta harafinta na farko maimakon asalinta, sai ya yi ta buɗe-buɗe bai samu ba, kalmar kuwa tana nan.

FIHIRISA A WAJEN SHARI'A

Ƙa'ida ta farko ita ce fihirisa jagora ce kawai, hukunci yana cikin nassin doka. Dokar fassarar dokoki ta Nijeriya ta 1964 ta bayyana cewa kan magana da ɗan bayanin da a ke rubutawa a gefen sashe ba sa cikin dokar, an sa su ne don sauƙin nema. Saboda haka malamin da aka tambaye shi abin da doka ta ce, lalle ne ya bi fihirisa ya kai ga sashen, sa'an nan ya karanta sashen kansa daga farko har ƙarshe. In ya tsaya ga kan magana, ya yi kamar wanda aka nuna wa ƙofar gari ya koma gida ya ce ya ga kasuwa. Ya kuma duba shekarar littafin da ke hannunsa, gama an tattara dokokin tarayya an sake jera su a 1958, da 1990, da 2004, lambar babi kuwa ta kan canja daga wannan bugu zuwa wancan.

Amma akwai wurin da fihirisa ita kanta ke yanke wa mutum haƙƙi, watau rijistar ƙasa da gidaje. A Ingila dokar 1925 ta ce wasu haƙƙoƙi da mutum ke da su a kan ƙasar wani, kamar alkawarin sayarwa, sai a rubuta su a rijista ƙarƙashin sunan mai ƙasar. Mai son saye ko ba da rance sai ya nemi a duba masa sunan. A 1968 wata shari'a ta kai gaban kotun ɗaukaka ƙara ta can. Wata mace ta yi cinikin gida da wani mutum wanda sunansa na takarda Francis ne, amma kowa Frank ya ke ce masa, aka rubuta haƙƙinta ƙarƙashin Frank. Daga baya mutumin ya jinginar da gidan ga wani kamfani. Kamfanin ya nemi a duba rijista, shi kuma ya yi kuskuren harafi ɗaya cikin sunan tsakiya, bai ga haƙƙin matar ba. Kotu ta ba matar gaskiya, da ya ke kamfanin bai nema da sahihin suna ba. Amma alƙalan sun ce da kamfanin ya rubuta sunan daidai, da rijistar matar ba ta ɗaure shi ba. Watau kuskuren harafi ɗaya na abokin shari'arta shi ya tsirar mata da gida.

A ƙasar Hausa wannan haɗari ya fi na Ingila yawa. Mutum ɗaya shi ne Abubakar, shi ne Garba, shi ne Habu ko Bukar. Usman ya kan zama Shehu ko Mani, Umaru ya zama Sanda, Muhammadu ya zama Mamman, A'ishatu ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu. In malami ya rubuta cinikin gona ƙarƙashin Garba bana, magajinsa ya zo ya nema ƙarƙashin Abubakar bayan shekara 20, sai ya shaida wa hakimi cewa babu takarda, kuma bai yi ƙarya da gangan ba. Maganin abin shi ne a zaɓi sunan yanka ya zama shi ne mazaunin bayani, sa'an nan a rubuta laƙabi a nasa gurbin tare da nuni, alal misali: Garba, duba Abubakar.

Har wa yau shari'a ta gane cewa cire abu daga fihirisa ya kusa zama ɓoye shi. A 2014 babbar kotun Tarayyar Turai ta saurari ƙarar wani mutumin Sifen wanda jarida ta buga sanarwar gwanjon kadararsa saboda bashi tun 1998. Kotun ta ce Google ya daina nuna wannan sanarwa in an nemi sunan mutumin. Ba a goge kome daga jaridar ba, hanyar zuwa gare ta kaɗai aka toshe. Wannan ya isa ya nuna irin ikon da ke hannun mai riƙe da fihirisa.

MANUNI A WAJEN KUƊI

Manunin kuɗi lamba ɗaya ce da ke tsayawa a madadin farashi masu yawa. A kan zaɓi wata shekara a ce ita ce tushe, a ba ta 100. In bayan haka lambar ta kai 130, an san kaya sun tashi da kashi 30 cikin 100. Ƙa'idodinsa manya uku ne: a san kayan da aka sa cikin kwando, a san nauyin da aka ba kowanne, a san shekarar tushe.

Ga misali don a ga amfanin nauyi. A ce magidanci yana kashe naira 90 a hatsi, naira 10 a gishiri. Gishiri ya ninka kuɗinsa, hatsi bai motsa ba. Wanda ya haɗa su ya raba biyu zai ce tsada ta ƙaru da kashi 50 cikin 100. Amma magidancin naira 110 zai kashe maimakon 100, watau ƙarin kashi 10 ne kurum. Wani Bajamushe, Laspeyres, ya tsara a 1871 a auna da kwandon shekarar tushe. Wani kuma, Paasche, ya ce a 1874 a auna da kwandon shekarar da a ke ciki. Hanyoyin biyu su kan ba da amsa dabam, don mutane su kan rage sayen abin da ya yi tsada. Ba laifi a bi kowace, muddin an faɗi wadda aka bi, aka kuma tsaya a kanta.

Sauya tushe kuwa ya kan sauya lamba ba tare da kome ya sauya a kasuwa ba. A 2014 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta mai da tushen lissafin arzikin ƙasa daga 1990 zuwa 2010, sai jimlar arzikin shekarar 2013 ta tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa wajen dala biliyan 510. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihu, sana'o'in da dā ba a ƙidaya su sosai ne aka shigar, kamar harkar wayar hannu da ta fina-finai. Haka a farkon 2025 aka mai da tushen ma'aunin farashi daga 2009 zuwa 2024. Hauhawar farashi da aka ce ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disamba 2024, sai aka sanar da kashi 24.48 a Janairu 2025. Hakimin da talakawansa suka tambaye shi yadda aka yi tsada ta sauka a rediyo ba ta sauka a kasuwa ba, amsar ke nan: mudu aka sake, kuma ba a gwada awon tsohon mudu da na sabo kai tsaye.

A kasuwar hannun jari ma haka abin ya ke. Manunin Dow Jones na Amurka ya fara a 1896 da kamfanoni 12, ya kai 30 a 1928. In kamfani ya raba hannun jarinsa na dala 100 ya zama biyu na dala 50, ba wanda ya yi hasara, saboda haka a kan gyara lambar da a ke rabawa da ita don kada manunin ya nuna faɗuwar ƙarya. Manunin kasuwar Legas kuwa an kafa tushensa ran 3 ga Janairu 1984 a kan 100.

Babban darasi yana cikin labarin LIBOR, manunin kuɗin ruwa na bankunan Landan wanda aka fara bugawa a 1986. Kowace safiya a kan tambayi wasu manyan bankuna a kan nawa su ke ganin za su iya samun rance daga 'yan'uwansu. In bankuna 16 ne, a zubar da amsa 4 na sama da 4 na ƙasa, a ɗauki matsakaicin 8 na tsakiya. Ƙa'idar ta yi kyau a takarda, har aka rataya mata yarjejeniyoyi na sama da dala tiriliyan 300. Aibinta ɗaya ne: masu ba da amsar suna da riba ko hasara cikin lambar da za ta fito. An ba kura ajiyar nama ke nan. A 2012 hukumomin Ingila da Amurka suka ci bankin Barclays tarar wajen fam miliyan 290 saboda karkata amsoshinsa, wasu bankuna kuma suka biyo baya. A 2013 ƙungiyar hukumomin kula da kasuwannin hannun jari ta duniya ta fitar da ƙa'idodin manunai, a 2016 Tarayyar Turai ta yi doka a kai. Gundarinsu shi ne a rubuta hanyar lissafi a bayyana ta ga kowa, a dogara ga cinikin da aka yi da gaske, a raba mai lissafi da mai cin riba, a kuma ajiye shaida don bincike. LIBOR dai bai farfaɗo ba, an rufe shi gaba ɗaya a ƙarshen Satumba 2024.

MANUNI A ILMIN LISSAFI

A lissafi manuni shi ne ƙaramin alƙalamin da a ke ɗora wa lamba a kafaɗa, ya nuna sau nawa za a jera ta a buga da kanta. Maimakon a rubuta 2 × 2 × 2, sai a rubuta 2³, watau 8. Lambar ƙasa ita ce tushe. Bafaranshen nan Descartes shi ya yaɗa wannan irin rubutu cikin littafinsa na 1637.

Ƙa'idodin kaɗan ne. In za a buga lambobi biyu masu tushe ɗaya, sai a tara manunansu: 2³ × 2² = 2⁵, watau 8 sau 4 ya ba da 32. In za a raba, sai a ɗebe: 2⁵ ÷ 2² = 2³. Daga nan ne aka san cewa 2⁰ daidai ya ke da 1, gama 2³ ÷ 2³ lamba ce aka raba da kanta. Sharaɗin da ke ƙarƙashin duka shi ne tushe ya zama ɗaya. Ba a tara manunan 2³ da 3², kamar yadda malamin jangali na dā ba ya haɗa shanu da tumaki ya ce ga jimlar shanu. Wannan shi ne dai sharaɗin da aka gani a wajen kuɗi, inda aka ce ba a gwada lambobin da shekarar tushensu ta bambanta.

Manuni yana girma a hankali, abin da ya ke nunawa kuwa yana girma da gaggawa. Farashin da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara ya kan kusa ninkawa cikin shekara 7. In aka yi ta ninka 2, to 2¹⁰ ya ba da 1,024, 2²⁰ kuwa ya ba da 1,048,576. A riƙe wannan lamba ta ƙarshe, don ita ce mabuɗin sashe na gaba.

FIHIRISA A RUMBUN BAYANAI NA KWAMFUTA

A ce akwai rijista mai suna miliyan ɗaya, an rubuta su yadda suka zo. Mai neman suna ɗaya tilas ya bi su ɗaiɗai, wataƙila har ƙarshe. Amma in an jera su bisa haruffa, sai ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Da ya ke 2²⁰ ya haura miliyan, buɗewa 20 ta ishe shi. Wannan ita ce hikimar fihirisar kwamfuta. A 1970 wasu masana biyu na kamfanin Boeing, Bayer da McCreight, suka tsara ta kamar itace mai rassa, kowane reshe ya nuna ƙananan rassa har a kai ga ganye. Yawancin rumbunan bayanai a kan wannan tsari su ke tafiya.

Masu wannan aiki suna da ƙa'idodi da kowane malamin ofis zai gane. Ta farko, duk sa'ad da aka shigar da bayani ko aka gyara shi, a lokacin nan a ke gyara fihirisarsa, ba a barin ɗaya ya riga ɗaya. Saboda haka yawan fihirisa yana sauƙaƙa nema amma yana nauyaya rubutu, sai a yi wa abin da a ke yawan nema kaɗai. Ta biyu, jerin matakai yana da muhimmanci. Littattafan haraji na zamanin En'e a kan jera su ne bisa ƙauye, sa'an nan unguwa, sa'an nan mai gida. Irin wannan jeri yana amfani ga wanda ya san ƙauyen, amma wanda suna kaɗai ya sani sai an yi masa wata fihirisa ta sunaye. Ta uku, a ba kowane mutum lamba wadda ba mai irinta, gama Musa Ibrahim ya fi ɗaya a kowace gunduma. Dalilin lambar banki ta BVN da aka fara a 2014 ke nan, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kowace mai alƙaluma 11.

Ta huɗu ita ce jerin haruffa kansa. A Hausa tilas a yanke shawara ko ƙ za ta zauna tare da k ko bayanta, haka ɓ da ɗ, haka sh da ts. Ƙaura da Kaura ba wuri ɗaya za su faɗa ba sai an ce su faɗa. A 2018 aka sake tsarin jeranta haruffa cikin wani ginshiƙi na manhajar Linux mai suna glibc. Masu rumbunan bayanai irin PostgreSQL da suka koma sabon tsari da tsohuwar fihirisa sai suka tarar kwamfuta tana iya cewa babu bayani alhali yana nan, ko ta karɓi abu ɗaya sau biyu. Maganin shi ne a rushe fihirisar a sake gina ta daga farko. Abin da ya sami na'ura shi zai sami ofishin da sabon malami ya zo da nasa jeri ya ɗora a kan na wanda ya gada.

ABIN DA YA KAMATA A YI A OFISHIN HAKIMI

Daga waɗannan fannoni huɗu ga abin da a ke roƙon hakimai su sa malamansu su tsare:

1. A rubuta ƙa'idar jeri a shafin farko na fihirisa, da kwanan wata, yadda baƙon malami zai karanta ya gane ba sai ya tambayi kowa ba.

2. A shigar da kowace takarda cikin fihirisa ran da ta iso. Abin da aka ce sai gobe shi ne ya kan ɓace.

3. A rubuta mutum da sunan yanka da sunan uba da unguwa, a ba takardarsa lamba, a sa laƙabinsa a nasa gurbin tare da nuni. Maganar gona ko gida a shigar da ita sau biyu, ƙarƙashin mai sayarwa da ƙarƙashin mai saye, in da hali a ƙara ta uku ƙarƙashin wurin da gonar ta ke.

4. Kada a kankare kome. In an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na dā, a rubuta gyaran, mai gyara ya sa hannu.

5. In tilas ta sa a sauya ƙa'ida, a sanar da hakimi, a rubuta ranar sauyi, a sake jera tsofaffin bayanai duka bisa sabuwar.

6. Malamin da ke da hannu cikin wata magana, ko ɗan'uwansa ke ciki, kada ya zama shi ne mai shigar da ita ko mai nemo ta.

Hakimi ba ya bukatar ya karanta kowane kundi kafin ya san ko a na bin waɗannan. Ya isa sau ɗaya a wata ya zaɓi takarda uku daga akwati ya ce a nuna masa su cikin fihirisa, sa'an nan ya zaɓi suna uku daga fihirisa ya ce a kawo masa takardunsu. In shida ɗin nan suka fito ba da ɓata lokaci ba, ofis yana lafiya. In ɗaya ta gagara, to akwai wani talaka da haƙƙinsa ke cikin haɗari, ko da shi kansa bai sani ba tukuna, kuma gara a gano tun mai takardar da shaidunsa suna da rai.

Allah ya taimaki sarakuna da hakimai, ya ba malamai ikon riƙon amana. Amin.